Libarba ko PA: wace bindiga ta dace da ƙugun ɗan sanda a Damagaram?

Gardamar da ake yi a kan ƙaramar bindigar da ta fi dacewa da ɗan sanda, ko libarba mai ganga ko wadda ke ɗura wa kanta harsashi, wadda masu kayan sarki a nan ke kira PA, ta girmi yawancin waɗanda ke sanye da kaki a yau. A Turai da Amurka an kashe maganar tun tuni, PA ce ta yi rinjaye. Ni ma ɓangarenta nake, kuma zan faɗi dalili. Tsorona shi ne mu ɗauki hukuncin mu bar sharuɗɗan da suka zo tare da shi, alhali sharuɗɗan nan su suka shafi yarinya mai tallan goro da ke tsaye taku biyar daga ɗan sandan da ya zaro bindiga a bakin Kasuwar Dole.

Duk bambancin daga yadda kowace ke aiki ya tsiro. Libarba tana da 'yar ganga ta ƙarfe mai ramuka shida, wasu biyar, kowane rami da harsashinsa. In ka ja kunama, yatsanka ne ke yin aikin duka: shi ke juya gangar ta kawo sabon rami daidai da bututu, shi ke ɗaga guduma baya, shi ke sakinta ta sari gindin harsashi. Samuel Colt ya yi wa tsarin ganga mai juyawa rajista a Amurka a 1836. A 1899 kamfanin Smith & Wesson ya fito da samfurin da daga baya aka sa wa suna Model 10, wanda aka ƙera fiye da miliyan 6 nasa, ya kuma zama bindigar ɗan sanda a ƙasashe da dama har zuwa ƙarshen ƙarni na 20.

PA kuwa harsasanta a jere suke cikin magazin da ake turawa ta ƙasan mariƙi. Da an harba, ƙarfin tashin albarushi ne ke tura murfin sama baya, ya fizgo kwanson da ya ƙone ya jefar, sannan sifirin ya dawo da murfin, a hanyarsa ya kwaso sabon harsashi ya cusa a bututu. Ja ɗaya harbi ɗaya ne, ba ta ruwan wuta. Amma tunda harsashin da ya tashi shi ke shirya na bayansa, sai harsashin ya zama lafiyayye, sifirin ɗin magazin bai mutu ba, hannu kuma ya riƙe gam. Ko ɗaya ya gaza, bindiga ta cije.

A nan masu libarba ke da hujjarsu mafi ƙarfi, kuma hujja ce ta gaskiya. In harsashi ya ƙi tashi a libarba, sake ja kawai za ka yi, ganga ta juya ta kawo na gaba. A PA sai ka sa hannu na biyu, ka bugi gindin magazin, ka ja murfin ka saki. Wanda hannunsa ya saba zai yi kafin ƙiftawar ido. Wanda bai saba ba zai tsaya yana kallon bindigarsa, mai wuƙa kuma yana tahowa.

Hujjar masu PA ƙidaya ce. MAC 50, wadda sojoji da jandarmomin Faransa suka daɗe suna ɗauka, harsashi 9 take ci. Beretta 92 da sojojin Amurka suka karɓa a 1985 tana cin 15. Glock 17, wadda Gaston Glock ya ƙera a Austriya a farkon shekarun 1980, tana cin 17. In sun ƙare, maɓalli za ka danna magazin ya faɗi, ka tura wani. Mai libarba sai ya buɗe ganga gefe, ya turo kwansuna waje, ya zura harsasai ɗaya bayan ɗaya ko da 'yar na'urar da ke zuba shida a tare, sannan ya rufe, duk da yatsun da ke rawa, wata sa'a ma a cikin duhu.

Abin da ya faru a Miami ranar 11 ga Afrilu 1986 shi ne labarin da kowane ɓangare ke ɗauko hujja daga cikinsa. Jami'ai takwas na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka tare wasu 'yan fashin banki biyu a kan titi. Cikin ƙasa da minti biyar an kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, an raunata biyar. Gordon McNeill, wanda harsashi ya sama a hannu, ya ƙarar da shidan libarbarsa ya kasa sake ɗuri, don jininsa ya kwarara cikin ramukan gangar. Amma kuma wanda ya kawo ƙarshen faɗan, Edmundo Mireles, da libarba ya yi, hannunsa ɗaya a ragargaje. Abin da hukumar ta fi riƙewa wani ne daban. Tun farkon faɗan, harsashin milimita 9 da Dove ya harba ya ratsa damtsen ɗaya ɗan fashin, Michael Platt, ya shiga ƙirjinsa, ya tsaya gab da zuciya. Rauni ne mai kisa, amma mutumin ya ci gaba da harbi, kuma bayan wannan raunin ne ya kashe jami'an biyu.

Daga nan FBI ta kafa ma'auni: harsashin aiki ya iya shiga santimita 30 zuwa 46 cikin wani daskararren jeli da ake gwaji da shi a madadin tsokar mutum, ko da ya fara ratsa tufafi masu kauri, ko gilashin mota, ko ƙarfen jikinta. Suka koma harsashi mai milimita 10, aka ga yana dukan hannu fiye da yadda jami'ai da yawa za su iya sarrafawa. A 1990 aka fito da .40 S&W a matsayin tsaka-tsaki. A 2014 hukumar ta kai ga cewa milimita 9 na zamani ya cika ma'aunin, jami'ai sun fi samun abin da suka saita da shi, kuma ya fi araha, a 2016 ta ba Glock kwangilar bindigogi masu milimita 9. Shekara talatin suka yi suna zagaye suka dawo inda suka baro, kuma abin da ya canja a tsakani shi ne ƙirar kan harsashin.

To bari mu dubi harsasan su kansu. Kaurinsu kusan ɗaya ne, .38 Special da .357 Magnum na libarba da 9×19 na PA duk wajen milimita 9 suke. An fito da .38 Special a 1898, zamanin baƙin albarushi, shi ya sa kwansonsa dogo ne amma ƙarfinsa matsakaici: dalma mai nauyin giram 10 tana fita da gudun wajen mita 250 a sakan, ƙarfinta kimanin jul 300 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin dukan harsashi). Na 9×19, wanda Georg Luger ya tsara a Jamus aka fito da shi a 1902, ya fi gajarta, kansa wajen giram 8, gudunsa wajen mita 350 ko sama, ƙarfinsa kimanin jul 500. Sai .357 Magnum na 1935, wanda aka ƙara wa kwanson .38 tsawon wajen milimita 3 don kada ya shiga tsohuwar libarba ya fasa ta, yana kaiwa jul 700 zuwa 800. Libarbar .357 tana cin .38, amma ta .38 ba ta cin .357. Faransawa sun ci moriyar wannan da Manurhin MR 73 da aka fara ƙerawa a Mulhouse a 1973, wadda jandarmomin GIGN, rundunarsu ta musamman, suka shahara da ita. Su kuwa mutane ne da harbi ya zama musu aikin kullum. Ɗan sanda na yau da kullum, wanda .357 ke girgiza wa hannu ya kashe masa ido da walƙiya da dare, harbinsa na biyu ba ya zuwa inda na farko ya je. Faransa da kanta, daga 2003, ta haɗa 'yan sanda da jandarmomi da ma'aikatan duwan a kan PA guda, SIG SP 2022, mai cin 15 na 9×19.

Inda nake so a daɗe ana tunani shi ne kan harsashin. Iri biyu ne manya. Akwai wanda aka lulluɓe dalmarsa gaba ɗaya da jan ƙarfe, irin na soja, ba ya canja siffa in ya shiga jiki, sau da yawa yakan fita ta baya da sauran ƙarfinsa. Akwai kuma mai rami a baki, wanda ke buɗewa ya faɗaɗa da zarar ya shiga tsoka, ya zubar da ƙarfinsa a ciki ya tsaya. Sanarwar Hague ta 1899 ta hana irin na biyun a yaƙi tsakanin ƙasashe, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka haramtacce ne ko'ina. Wannan hanin bai hau kan aikin 'yan sanda ba. Raunin da yake yi wa wanda aka harba ya fi muni, ba a musun wannan. Amma a tambayi inda na farkon ke zuwa bayan ya fita. A Munich a 1998 wata 'yar sanda ta harbi wani mutum da ya taso mata da wuƙa, harsashin ya ratsa shi ya kashe ɗan'uwansa da ke bayansa, kuma bayan wannan ne Jamus ta sauya wa 'yan sandanta harsashi zuwa mai faɗaɗa. 'Yan sandan New York ma sun yi irin wannan sauyi a ƙarshen shekarun 1990.

Yanzu a ɗauko wannan a kawo lungunan Birni, inda mutum biyu ke gogar kafaɗa in sun haɗu, ko layin 'yan kaya a Dole, ko tashar motocin Magarya da Matamai da safe. Katangar laka mai kauri tana iya shanye harsashin ƙaramar bindiga. Rumfar zana ba ta iyawa, ƙyauren langa-langa ba ya iyawa, buhun da aka rataya don inuwa balle. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai mai ɗinki, akwai almajiri, akwai uwa da goyo. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindiga, waɗanda aka amince da su a Havana a 1990, sun nemi a hana makami da harsashin da ke jawo rauni ko haɗarin da ba dalili. A ganina, a cikin gari, harsashin da ke wuce wanda aka nufa ya tafi neman wani shi ne haɗarin da ba dalili.

Wannan lissafin ya fi tsanani ga Kalashnikov da muka saba gani a kafaɗa a shingayen hanya. Harsashinta na 7.62×39 yana fita da gudun sama da mita 700 a sakan, ƙarfinsa wajen jul 2000, ninki huɗu na PA. A hanyar Tanut ko ta Gure, inda mai tare hanya na iya zuwa da irinta, ba wanda zai ce a ba jami'i ƙaramar bindiga kaɗai. Raba faɗan 'yan fada a unguwa ko kama ɓarawon babur a kasuwa wani aiki ne daban, kuma a nan ƙaramar bindiga a kube, hannu biyu a sake, ta fi aminci ga kowa.

Akwai wata magana da ake maimaitawa, wai libarba ba ta cijewa don haka ita ta dace da ƙasar ƙura. Rabinta gaskiya ne. Libarba tana jure sakaci: a ajiye ta shekara a aljihun tebur da harsasanta, a ɗauko ta tashi, don ba sifirin da ke matse. Amma ba ta jure rairayi. Cikinta kamar na agogo ne, ƙananan ƙarafa da sai kowanne ya haɗu da ɗan'uwansa daidai, ga giɓi a gaban ganga da bayanta inda iska ke shiga. Tsakuwa ɗaya ƙarama a ƙarƙashin abin turo kwanso ta isa ta hana gangar rufuwa, kuma in ta cije irin wannan, sai a gaban mai gyara. PA ana kwance ta gida huɗu ko biyar ba tare da wani kayan aiki ba, a goge a mayar cikin 'yan mintuna. Lagonta magazin ne. Sojojin Amurka sun ɗanɗana haka a Iraƙi, inda wasu magazin na Beretta masu kaushin ciki suka riƙa kama rairayi suna hana harsashi hawa. Duk wanda ya ga yadda hazon hunturu ke shiga akwatin da aka kulle a Damagaram ya san cewa mai da yawa a jikin bindiga ƙura yake tarawa, kuma magazin abu ne da ake wankewa a kuma canja in ya gaji.

Kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda, na taɓa tambayarsa wace ce ta fi ba shi tsoro a hannun sabon ɗauka. Bai ba ni amsa da baki ba tukuna. Ya miƙa hannun dama kamar yana riƙe da PA, ya danna da babban yatsa, ya tare magazin ɗin da babu shi da hagu ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "To ɗana, yanzu akwai harsashi ko babu?" Na ce, "Babu, Kawu, ai ka cire." Ya girgiza kai, ya ja murfin da babu shi baya, ya bi abin da ya faɗo da ido har ƙasa. "Ga shi nan. Wannan ɗayan da ke kwance a bututu shi ke kashe abokin aiki a ɗakin gadi." A libarba, buɗe ganga kawai za ka yi, ramukan shida suna kallonka, ko cike ko wofi. PA tana ɓoye na ƙarshen, kuma tsarin sauke ta, a cire magazin tukuna, sannan a ja murfi, sannan a leƙa a kuma taɓa da yatsa, sai an maimaita shi har ya zama jiki.

Nauyin kunama ma haka. Ta libarba tana neman jan wajen kilo 5 da doguwar tafiya, yatsan da ya firgita ba ya kai ta ƙarshe da sauƙi. Ta Glock wajen kilo 2 da rabi ce. Shi ya sa 'yan sandan New York, da suka koma PA a shekarun 1990, suka sa aka ƙara wa tasu nauyi har ta kai ta libarba. SP 2022 ta bi wata hanya: jan farko mai nauyi, na bayansa masu sauƙi.

Sannan yawan harsashi da muke yabo yana da nasa sharrin. Ranar 4 ga Fabrairu 1999, a unguwar Bronx ta New York, 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41 a kan Amadou Diallo, saurayi ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, yana tsaye a ƙofar gidansu ba makami a hannunsa sai jakar kuɗi. Guda 19 suka same shi. Binciken da cibiyar RAND ta yi wa wannan rundunar a 2008 ya nuna cewa daga 1998 zuwa 2006, in ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari na harsasan jami'ai ne ke samun wanda aka nufa, in kuma ba a rama musu, wajen kashi 30. Rundunar da ke da filin horo da kuɗi ke nan. Sauran harsasan duk wani wuri suka tafi. In ka ba mutumin da ba ya zuwa filin harbi 15 a madadin 6, ka ƙara yawan waɗanda za su ɓata ne kawai.

Duk da haka PA mai 9×19 nake goyon baya ga 'yan sandanmu, da jandarmomi da dakarun gardi na ƙasa, saboda makaman da suka bazu a Sahel tun bayan rushewar Libiya a 2011 sun sa shida ta yi kaɗan, saboda ta fi sauƙin gogewa a ƙasar rairayi, kuma saboda 9×19 ne harsashin ƙaramar bindiga da aka fi ƙerawa a duniya, samunsa ya fi na .38 sauƙi da araha. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, bai tsaya ga sayen bindigogi daga fataken Arewa ba, ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a nan cikin Damagaram, don ya san tarin makami ba ya amfani in abin ɗura masa yana hannun wani. A yau matsalar takan zo ta wata fuska, wato tarkacen bindigogi daga ƙasashe daban-daban. Aƙalla harsashi uku ne ake kira milimita 9: 9×19, da 9×18 na Makarov, da 9×17 gajere, kuma ba ɗayan da ya halatta a sa a bindigar wani. Ga 7.62×25 na Tokarev, mai tsananin ratsawa, wanda bai dace da cikin gari ba sam. Ma'ajiyar makamai da ke riƙe da iri huɗu tana jiran ranar da za a miƙa wa jami'i kwalin da ba nasa ba.

Don haka duk kwangilar sayen PA da ba ta zo da kuɗin harsashin horo na kowace shekara ba, da magazin na canji, da kube mai rufe kunama mai kuma hana a fizge bindigar a cikin turmutsitsi, da akwatin rairayi da ake nuna masa baki yayin sauke bindiga a kowane ofishi, rabin kwangila ce. Ƙa'idojin Havana sun ce kada a ba jami'i izinin ɗaukar bindiga sai ya kammala horo na musamman, kuma a riƙa binsa bahasin makami da harsashin da aka damƙa masa. A nan PA tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: tana zubar da kwansunanta a inda aka yi harbin, kowane kwanso ɗauke da tabon bindigar da ta harba shi, wanda mai bincike zai iya gwadawa da rajistar ma'ajiya. Libarba tana tafiya da nata a ciki.

Libarba ba ta rasa gurbi ba. Japan har yanzu yawancin 'yan sandan sintirinta libarbar .38 mai cin biyar suke ɗauka, don da wuya su yi harbi. Irin wannan aikin akwai shi a nan: mai gadin ofis, jami'in da ke kan tebur, wanda ke raka takardu zuwa kotu, waɗanda filin harbi ba ya ganinsu sai jefi-jefi. In akwai libarba masu lafiya a ajiye, hannunsu ya kamata su tafi, da .38 kaɗai ban da Magnum, har zuwa lokacin da kasafin horo zai kai kansu.